Kofin da Ka Mayar Cike

Iliya,

Kada ka ninke wannan takarda ka tura ta ƙarƙashin kaya ka ce sai ka huta. Na san halinka. Ka karanta ta tun kana cikin mota, kafin ku kai Yawuri, in ya so ka yi ta fushi da ni har Sakkwato. Kada kuma ka ba kowa ya karanta, ko abokin ɗaki ne, ko wanda zai fara kiranka ɗan'uwa cikin Ubangiji tun ranar da kuka haɗu. Abin da ke ciki kunyata ce, kuma kai kaɗai na yarda ka gan ta.

Bayan haka ina gaishe ka cikin sunan Yesu Almasihu. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare direba daga gudu da gyangyaɗi, ya tsare ku a kan gada da kwana. Ya sa ka shiga wannan aikin akawu da ƙafar dama, ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronsa.

Ba zan ba ka labarin gida ba, da safen nan ka bar shi. Magana ɗaya ce ta sa na zauna rubutu, ka kuwa san ta.

Shekara tara ke nan ni ce nake dafa zoɓon da ake zubawa a ƙananan kofuna ranar jibin Ubangiji, ni ce kuma nake wanke su bayan an tashi. Mutane suna tsammani dattawa ne suka san sirrin ikilisiya. Mai wankin kofuna ta fi su sani. Watan farko da na ga kofi ɗaya ya dawo cike daga tiren samari, na ce ko an zuba fiye da mutane ne. Wata na biyu na zauna a bakin benci na sa ido. Na gan ka ka ɗauka, ka kai baki, ka rufe ido kamar kowa, ka mayar. Leɓenka ko jiƙewa bai yi ba. A wata na uku ne na kira ka bayan coci, inda nake wanki.

Na ce, "Iliya, riƙe mini wannan tire. Wa ya mayar da wannan?"

Ka ce, "Mama, ai samari da yawa ne a bencin."

Na ce, "Da yawa ne, amma ɗaya na haifa a ciki."

 Ka ce, "Ba na jin komai, Mama. In ana addu'a, kamar ana karanta sanarwa nake ji. Mai wa'azin nan da ya zo taron farkawa ya ce wanda ya san gaskiya ya yi ta wasa da ita, zuciyarsa takan taurare, har ranar da za a rufe masa ƙofa, ko ya yi kukan jini ba za a buɗe ba. Ina jin tawa ta riga ta rufu."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ka ce, "Wataƙila tun ranar da aka yi mini baftisma."

Ni kuwa abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Kai tiren ciki." Mako uku ke nan, ban sake tayar da zancen ba, kai ma ba ka tayar ba. Kana tsammani na manta, ko na ji tausayinka na yi shiru. Ko ɗaya. Bincike nake yi.

Zan faɗa maka gaskiya, ban yarda da kai ba a ranar. Na buɗe akwatinka sau biyu kana waje. Na shinshina rigunanka. Na duba cikin littattafanka ko zan sami wasiƙar wata yarinya. Na tambayi mai shayin bakin tasha da wa kake zama. Ban sami komai ba, kuma ba zan roƙe ka gafara a kan wannan ba, ni na haife ka. Da na gaji na ɗan taɓa wa babanka zancen da ya dawo daga duba gonaki a Sahon Rami, ban dai gaya masa duka ba. Ya yi dariya ya ce, "Rifkatu, ke ko mala'ika ya yi miki sallama sai kin ɗaga fikafikansa kin ga abin da ya ɓoye." Ya iya dariya. Ba shi ya wanke kofin ba.

Har yanzu ban sauke zargina duka ba. Na koyar da yara shekaru da yawa, na san yaron da yake cewa "Malama, ni ai daƙiƙi ne" don kada a sake ba shi aiki. Akwai samarin da suke jin daɗi a ce sun ɓata, domin ɓatacce ba a tambayarsa ina ya je, da wa ya zauna, me ya sha. Ga shi kana tafiya garin da ba wanda ya san uwarka, da albashi a aljihu da ɗaki naka na kanka. In wannan maganar ta rufewar ƙofa guzuri ce ka shirya don ka ji daɗin yin abin da ka ga dama, to ka sani na gane ka, kuma Allah ya riga ni ganewa. In kuwa tsoro ne na gaske yake cin ka, to ka ci gaba da karatu, domin ina da laifi a ciki, kuma na san wannan hanya fiye da mai wa'azin nan.

Laifina na farko a kanka na yi shi. Kana da shekara goma sha uku aka buɗe ajin baftisma. Matar wani dattijo ta faɗa a gaban mata cewa ɗanta ya riga ya ba da suna. Na ji zafi. Na ce a raina, ni da na yi sakandare, a ce ɗan wadda ba ta iya rubuta sunanta ba ya riga nawa? Na dawo gida na sa sunanka ban tambaye ka ba. Kowace yamma na zaunar da kai a teburin da nake duba littattafan 'yan makaranta, da rula a hannuna.

Na ce, "Me ya sa kake so a yi maka baftisma?"

Ka ce, "Don kin ce in yi."

Na buga rula a tebur. Na ce, "Ba haka ake faɗa ba!" Na faɗa maka yadda ake faɗa, ka maimaita, na sake sa ka, har ka iya inda za ka ɗan dakata da inda za ka sunkuyar da kai. Ranar da dattawa suka gwada ku, ba wanda ya kai ka. Fasto ya ce mini, "Malama, wannan yaro Ruhu ne yake magana a bakinsa." Na yi murmushi na ce mun gode Allah, alhali na san rulata ce take magana. Ranar da aka nutsar da ku a rafi kana rawar sanyi kana nemana da ido, ni kuwa fuskokin mata nake kallo in ga wa ta ji haushi.

Amsar gaskiya ka ba ni da farko, ni na karɓe ta na ba ka ta ƙarya. Saboda haka kada ka ɗauki kayana ka ɗora a kanka ka kira shi hukuncin Allah. Amma kuma kada ka ɓuya a bayana. A lokacin yaro ne kai, yanzu shekararka ashirin. In ka isa ka nemi ikilisiya tun Lahadin farko, ka sami dattijo mai furfura, ba saurayi mai zafin baki ba, ka gaya masa yadda ka gaya mini, ba ado. In suka ce ka dakata da cin jibi, ka dakata a fili. In suka ce ka sake shiga aji tare da yara, ka shiga, ko ana yi maka dariya. Abin da na hana ka shi ne ka sake kai kofi baki don idon mutane. Na koya maka yin abu don ido sau ɗaya, ya isa.

Laifina na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ko babanka bai san shi duka ba. Kakanka ne, mahaifina, wanda kake tunawa da lofensa da dogon gashin bakinsa. Sau biyu kacal na kai ka garinmu Dukku yana da rai. In ka tambaye ni dalili nakan ce hanya ba kyau. Hanyar ba ta da kyau, amma ba ita ce dalili ba.

Shi ne ya bari aka tafi da ni makarantar mishan, a lokacin da maƙwabta suke ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Da na dawo da baftisma da takalmi, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "To, Malama ta iso, a kawo kujera." Daga ranar bai sake kirana da sunan da ya raɗa mini ba. Shi bai bar hanyar kakanninsa ba. Yana zuba giya a kan kabarin ubansa, yana zuwa wurin tsafi tare da tsofaffi. Duk hutu nakan tsaya a kansa in yi masa wa'azi. Nakan buɗe littafina in karanta masa da Hausa, da muryar da nake koyar da aji, in jero masa zunubi da fansa da hukunci. Yana zuƙar lofe yana gyaɗa kai. In na gama ya ce da yarenmu, "Kin ci abinci?" Ni kuwa in tashi a fusace. Na daina yarenmu na Dukanci tun a makaranta, inda ake yi wa mai yare dariya, har na ɗauka harshenmu bai dace da maganar Allah ba, na giya ne da kabari.

A gidanmu akwai al'ada. In aka yanke dawa, kafin kowa ya ci sabuwa, maigida yakan ware dami ɗaya ga kowace 'ya da ta yi aure, komai nisan garinta. Bayan na auri babanka mun zauna a Kontagora, kowace kaka sai ga kawunka Ɗanjuma, ƙanena, ya sauka daga motar Rijau da ƙullin dawa a ka. Shekara uku ina karɓa. A ta huɗu wani mai wa'azi ya zo, ba wanda ka ji ba, amma maganarsu ɗaya, kamar a tukunya ɗaya aka dafa su. Bayan taro na same shi na gaya masa labarin mahaifina. Ya tambaye ni sau nawa na yi masa bishara. Na ce ba zan iya ƙirgawa ba. Ya girgiza kai ya ce, "Malama, wannan ya taurare. Ki bar shi da Allah, kada ki ƙazantar da gidanki da kayansa."

Ka lura da wannan, Iliya: na ji daɗin maganar. Ban yi kuka ba. Sauƙi na ji, kamar an sauke mini tulu daga ka. Ba sauran tafiya Dukku, ba sauran kunyar a ce uban Malama yana warin giya. Ina da ɗan littafin da nake rubuta sunayen waɗanda nake yi wa addu'a. Na dawo gida na ɗauki jan biron da nake duba jarrabawa da shi na ja layi a kan sunan ubana.

Da kaka ta zo Ɗanjuma ya iso da ƙullinsa. Na tare shi a ƙofa.

Na ce, "Mayar masa. Na san an kai wa tsafi kafin a ɗebo wannan."

Ya ce, "Yaya, dawa ce fa. Ni na yanke ta da hannuna."

Na ce, "Na ce ka mayar."

Ya ce, "To in ce masa me? In ce Malama ta koma cin burodi?"

Ya ɗauka ya koma da ita. Shekara ta zagayo ya sake zuwa, na sake korarsa. Shekara bakwai tsohon nan yana aikowa, shekara bakwai ina mayarwa. A duk shekarun nan ban taɓa fashin jibi ba. Nakan ɗauki kofi in shanye har ƙasa. Ina gaban mata wajen waƙa, ina gabansu wajen tsawata wa wadda ta yi kuskure.

Ga shawarata a nan. Duk maganar da wani ya faɗa maka da sunan Allah, in ka ji ta sauke maka wani nauyi da ya kamata ka ɗauka, ka zarge ta. Ka juya ta, ka duba ƙarƙashinta. Ka tambayi kanka me ka samu da ka yarda da ita. Ni na samu hutu daga ubana. Kai me kake samu in ka yarda ƙofarka ta rufu? Kada ka amsa mini, ka amsa wa kanka, amma kada ka yi sauri.

A shekara ta takwas Ɗanjuma ya zo hannu wofi. Muna tsakiyar jarrabawar ƙarshen shekara, takardu sun cika mini tebur. Bai ma zauna ba.

Ya ce, "Baba ya ce ki zo."

Na ce, "Ba shi da lafiya ne?"

Ya ce, "Yana tari, amma yana fita. Cewa kawai ya yi ki zo."

Na ce, "In zo in yi me?"

Ya ce, "Yaya, ni ɗan aike ne. Bai ce mini komai ba sai ki zo."

Nan take kaina ya fara lissafi. Lokacin bikin kaka ne a gida, lokacin da ake dafa giya a yi kwanaki ana kiɗa. Na ce a raina dabara ce, so suke su jawo ni in tsaya a cikin taro a ce Malama ta dawo hanya. Na dubi idon Ɗanjuma ina neman ƙarya, kuma na ga kamar na same ta, domin mai neman abu a fuskar mutum yakan gan shi. Na ce, "Ka ce masa sai an yi hutu." Saura kwana goma sha biyu a yi hutu. Baba ya rasu a kwana na tara.

Na tarar an riga an binne shi yadda suke binne nasu, da tukwane a kan kabari. Ban matsa kusa ba. Washegari mai bisharar ƙauyen ya zo yi mini gaisuwa, wani ɗan tsamurmurin mutum Bakambare da aka turo can, wanda bai iya Dukanci ba sai gaisuwa. Ya ce, "Malama, zo in nuna miki wani abu." Ya kai ni bayan ɗan cocinsu na ciyawa ya nuna mini wani kututture a gindin taga. Ya ce fiye da shekara guda tsohon yana zuwa kowace Lahadi ya zauna a nan da lofensa. Ba ya shiga. In aka ce ya shigo ya ɗaga hannu ya ce a'a. Wata rana mai bisharar ya sa wani ya tambaye shi me yake nema. Tsohon ya ce, "Ina jin kuna ta kiran sunan mutumin nan da ya ɗauke mini 'ya. Hausata ta kasuwa ce, ta sayen gishiri. Ina jiran Malama ta zo ta faɗa mini da bakinmu, in ji ko wane ne shi."

Shekara da shekaru ina tsaye a kansa ina zuba masa Hausar littafi, yana gyaɗa kai don kada ya kunyata ni, ni kuwa ina ƙirga kowane gyaɗa kai a matsayin ƙi. Na kai ƙararsa gaban baƙon da bai taɓa ganinsa ba, aka yanke masa hukunci, na sa hannu da jan biro. Ban taɓa gaya masa sunan Yesu da harshen da ya yi mini wasa da shi ina jaririya ba.

Kada ka ɗauka zan ce maka ya tuba. Ban sani ba. Ɗanjuma ya ce a kwanakinsa na ƙarshe ya hana a kira masu tsafi, amma Ɗanjuma zai faɗi komai don in daina kuka, ban yarda da shi duka ba. Tsohon mai taurin kai ne, wataƙila da na je na faɗa masa da Dukanci ya saurara har ƙarshe ya ce, "Kin ci abinci?" Wannan yana hannun Allah, kuma ba a ba ni ikon leƙawa ba. Abin da na sani shi ne, a tsakanin wanda ya zauna a kututture yana kasa kunne da wadda take shanye kofi a bencin gaba, ba sai na gaya maka wace zuciya ce ta zama dutse ba.

Yanzu ga amsar tambayarka, yadda na fahimta, ni da ba fasto ba ce. Taurin zuciya gaskiya ne, kuma yana kashewa. Ba zan sassauta maka wannan ba. Maganar Allah ta yi gargaɗi a kansa, kuma na ga mutane sun ƙi, sun sake ƙi, har suka mutu suna ƙi. Mutum yana iya juya wa mai cetonsa baya har numfashinsa na ƙarshe, ba kuwa za a ja shi da igiya ba. Amma na san yadda taurin yake daga ciki, domin na zauna a cikinsa. Ba ya zuwa da tsoro. Da kwanciyar rai yake zuwa. A shekarun nan bakwai ban taɓa tambayar kaina ko na ɓata ba, barcina nake yi har da minshari. Kai kuwa ka rame, wandonka yana zamewa, kana tsoron ɗan kofin zoɓo kamar wuta ce a ciki. In ba wasa kake yi mini ba, to wanda ya mutu a ciki ba ya irin wannan tsoron. Wani ne yake taɓa ka, kuma ba ya taɓa wanda ya riga ya yar.

Rashin jin komai kuma ba shi ne rashin ceto ba. Wa ya gaya maka da hawaye ake auna shi? Na ga matan da suke birgima a taron farkawa, ranar Litinin suna zagin maƙwabta. Ceto aikin Almasihu ne da ya riga ya yi, ba zafin ƙirjinka ba ne. Ka je masa yadda kake, a bushe, ka ce masa ga ni, ba na jin komai. Ni haka na je bayan na dawo daga Dukku. Na yi wata huɗu ban ci jibi ba, mata suna ta ƙus-ƙus ko Malama ta yi wani abin kunya ne. Na yi, ba dai irin wanda suke zato ba. In aka karɓi wadda ta soke sunan ubanta, ban ga abin da ka yi da ya fi nawa ba. Sai dai in akwai abin da ban samu a akwatinka ba. In akwai, shi ma ka kai masa.

Ba wanda aka ba makullin ƙofar nan, ko mai wa'azi, ko fasto, ko ni, ko kai. Wanda ya tsaya ya ce wane ya wuce ceto ya hau kujerar da ba tasa ba, kuma wanda ya faɗi haka a kan kansa shi ma girman kai ne, ya sa rigar tawali'u kawai. Amma kada ka ce tunda ƙofa a buɗe take bari in zaga gari tukuna. Ni kwana goma sha biyu na nema, tara aka ba ni.

A Sakkwato za ka gamu da mutum iri biyu, duka ka yi hattara da su. Akwai wanda zai dafa kafaɗarka ya ce, "Kai ɗan boko, duk wannan tatsuniyar tsofaffi ce, zo mu je mu wanke maƙogwaro." Shi ne ya fi sauƙin ganewa. Na biyun zai zo da littafi a hammata da murya mai daɗi, ya ce shi kaɗai ya san waɗanda aka zaɓa da waɗanda aka yar. Ka tambaye shi garinsu, da ikilisiyar da ta san shi, da wanda yake iya tsawata masa. In ya fara kame-kame, ka ba shi ruwa ya sha ka raka shi ƙofa. Alhajin da babanka ya roƙa ya ba ka ɗaki kuwa mutumin kirki ne, tun yana cinikin gyaɗa a nan suka saba. Ka gaishe shi kowace safiya a durƙushe, kada ka yi gardamar addini a zaurensa, kada kuma ka ɓoye inda kake zuwa ranar Lahadi.

Allah ya tsare fitarka da shigarka. Ya tsare ka daga zazzaɓin baƙon gari da sharrin abokai, ya tsare ka daga kanka. Ya narkar da abin da ya daskare a cikinka, ko da zai yi zafi. Ya gafarta wa uwarka, ya bar mu mu sake ganin juna da rai. Amin.

Ni ce mahaifiyarka, Rifkatu, kuma ga dokar da na kafa a gidan nan daga yau. Na gaya wa babanka, zan gaya wa ƙannenka, ta hau kaina kafin ta hau kan kowa. Ba wanda zai sake buɗe baki ya ce wani ya wuce ceto, ko a kan baƙo, ko a kan ɗan gida, ko a kan kansa. Kuma duk wanda ya aiko daga cikinmu ya ce "zo", za a je. In ka rubuto mini kalmar nan ita kaɗai, ko ana tsakiyar jarrabawa, zan ajiye biro in hau motar farko. In ni na aiko maka, haka za ka yi. Dalili, sai an isa a tambaya.